An yi min tayin wayar da kamfani bai fitar ba tukunna, in na saya na nuna wa duniya za a iya kama ni?

"Assalamu alaikum Barista. Ina da tashar da nake bayani kan wayoyi da kayan fasaha, kuma Alhamdulillahi mabiya sun fara taruwa. Wani bawan Allah ya turo min saƙo yace akwai wata waya a hannunsa da kamfanin bai fitar ba tukunna, irin ta gwaji ce da ake ba ma'aikata, wai tsintarta akayi. Ya turo hoto biyu kuma naga alamar gaske ce. Yace in na biya zai aiko min in buɗe ta a bidiyo kafin kowa. Abokina yace ai yanzu ni ɗan jarida ne, doka ta kare ni. Dan Allah meye gaskiyar magana, in na saka za'a iya kai ni kotu ko a kama ni?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Naji daɗi da ka tambaya kafin ka tura kuɗin, domin yawancin masu zuwa wajena da irin wannan magana sai bayan sun biya, sun saka bidiyon, takardar lauyan kamfani ta iso, sannan suke neman shawara. In na fahimce ka daidai abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Na farko, shin laifi ne ka ba da labarin kayan da kamfani ke ɓoyewa? Na biyu, shin laifi ne ka sayi kayan ya zo hannunka? Mutane suna ɗauka abu ɗaya ne, alhali a gaban alƙali nesa suke da juna. Abokinka yana da ɗan gaskiya akan na farko, amma akan na biyu wallahi zai kai ka ya baro ka. Abinda na gani a shekarun da nayi ina wannan aiki shine, ba kasafai labarin da mutum ya buga ke jefa shi a matsala ba, hanyar da abun ya bi ya shigo hannunsa ita ce take kama shi.

Abinda ya faru da Gizmodo

Bari in fara da kes ɗin da duk mai wannan sana'a ya kamata ya sani, saboda kusan irin naka ne sak. A watan Maris na 2010 wani injiniyan Apple ya manta wayar gwaji ta iPhone 4 a wata mashaya a garin Redwood City da ke jihar Kalifoniya. An saka ta cikin wani kwanso da ya sa in ka kalle ta zaka ɗauka tsohuwar iPhone 3GS ce. Wani matashi ya tafi da ita gida, kafin gari ya waye kamfanin ya kashe ta daga nesa, bayan wasu makonni ya sayar wa Gizmodo, wani shafin labaran fasaha, akan dala 5,000. Ranar 19 ga Afrilu suka buga, sun warware wayar sun nuna cikinta, duniya ta ɗauka, miliyoyin mutane suka shiga kallo. Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, da kansa ya kira editan shafin yace a dawo masa da wayarsa, su kuma suka ce sai Apple ta rubuto a takarda cewa tata ce, aka rubuto, suka mayar.

To mayarwar bata kashe maganar ba. Ranar 23 ga Afrilu da daddare, Jason Chen, wani editan Gizmodo wanda shine ya fito a bidiyon riƙe da wayar, ya fita cin abinci da matarsa, yana dawowa ya tarar 'yan sanda sun ɓalle ƙofar gidansa da takardar izinin bincike daga kotu suna kwashe kaya, kwamfuta huɗu da saba biyu (kwamfutocin adana bayanai) da sauran tarkace. Lauyoyin kamfaninsa suka ce ai dokar Kalifoniya ta hana a shiga gidan ɗan jarida a kwashe kayan aikinsa, akwai ma dokar tarayya ta 1980 mai irin wannan kariya. Masu gabatar da ƙara kuma suka tsaya akan cewa su laifin sata suke bincike, ba majiyar labari suke nema ba. Aka ja aka ja, a watan Yuli aka janye takardar binciken bayan ya yarda zai ba da haɗin kai, sai a watan Agusta na 2011 ne ofishin mai gabatar da ƙara na gundumar San Mateo yace ba zai tuhumi kowa daga Gizmodo ba. Wato mutum ya shafe shekara da wata huɗu bai san ko za'a tuhume shi ba. Shi kuma wanda ya tsinci wayar da abokinsa da ya taya shi neman mai saye, an gurfanar dasu, basu musa ba, aka basu shekara ɗaya ƙarƙashin sa ido, da awa 40 na aikin al'umma, da biyan Apple diyyar dala 250.

Mutane da yawa in suna ba da wannan labari sai su ce kaga ai Gizmodo ta sha. Eh ta sha, amma ka duba da me ta sha. Tana da babban kamfani a bayanta mai lauyoyi, abun ya faru a jihar da kariyar 'yan jarida take cikin kundin tsarin mulkinta, jaridun duniya suna ta surutu akai. Duk da haka an fasa ƙofar mutum, an riƙe masa kayan aiki wata da watanni, Apple kuma ta daina gayyatarsu tarukanta na tsawon shekaru. Kai wanne daga cikin waɗannan kake dashi?

Maganar "tsintuwa akayi"

Nan ne nafi so ka tsaya ka nutsu. Duk mai kawo irin wannan kaya kalmar da yake fara faɗa kenan, tsinta akayi, saboda yasan in yace sata ce bazaka saya ba. Amma a doka tsintuwa bata mayar da kaya ya zama naka. Dokar Kalifoniya da aka kama waɗancan matasa da ita, sashe na 485 na kundin laifuffuka, tsohuwa ce tun 1872, kuma abinda tace a taƙaice shine duk wanda ya tsinci abu kuma yana da hanyar sanin mai shi, sai ya riƙe don amfanin kansa ba tare da yayi ƙoƙari na gaskiya wajen nemo mai shi ba, to ɓarawo ne. Ƙasashe da yawa suna da makamanciyar wannan. In kuwa wanda ya tsinta ya koma ɓarawo a idon doka, kai da ka biya ka karɓa sunanka mai karɓar kayan sata, a Kalifoniya sashe na 496 kenan, a Ingila kuma dokar sata ta 1968 tayi magana akai a sashe na 22.

Abinda mai gabatar da ƙara zai nema ya tabbatar shine ka sani cewa kayan ba na mai sayarwa bane, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya sayi tsohuwar waya a kasuwa zai iya cewa ban sani ba. Kai fa? Dalilin da yasa zaka biya kuɗi mai yawa akanta shine saboda ka san kamfani bai fitar da ita ba, ka san ba'a sayar da ita a ko'ina, ka san mai ita. Tsadarta ita ce shaidar saninka. Kowa ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa. Kuma a bidiyon da bakinka zaka ce ga wayar da kamfani kaza ke ɓoyewa, wato ka riga ka rubuta musu bayanin da suke buƙata.

Na taɓa samun wani matashi da ya zo ofis da wata ƙaramar na'ura a naɗe cikin rigar sanyi a ƙasan jakarsa, ya ajiye akan tebur hannunsa na rawa. A bayanta akwai sitika mai lamba da rubutun cewa mallakar kamfani ce ba ta sayarwa ba. Nace nuna min hirarku da wanda ya kawo maka, ya miƙo wayarsa, ina gungurawa sai naga inda ya rubuta "ka tabbata dai basu gane ta ɓata ba ko?", can ƙasa kuma ga rasit ɗin kuɗin da ya tura har da rubuta sunan na'urar a wajen bayani. Na ajiye wayar nace masa wannan layi ɗaya da ka rubuta ya fi bidiyon gaba ɗaya haɗari. Allah ya taimake shi bai riga ya saka komai ba, muka rubuta wa kamfanin muka mayar ta hannun lauya, maganar ta mutu a nan. Da ya saka da labarin ya sha bamban.

Sirrin kasuwanci

Ko da baka taɓa na'urar ba, hoto kawai aka turo maka ko takardu, akwai ƙofa ta biyu da kamfani zai iya shigowa, wato ƙarar fallasa sirrin kasuwanci. Sirrin kasuwanci a doka shine bayanin da jama'a basu sani ba, yana da daraja saboda ba'a san shi ba, kuma mai shi ya ɗauki matakan ɓoye shi. Fasalin wayar da ba'a ƙaddamar ba, irin kyamararta, ranar fitowarta, farashinta, duk suna iya shiga. Kuma wannan ba abun Amurka kaɗai bane, yarjejeniyar TRIPS ta ƙungiyar cinikayya ta duniya a sashe na 39 ta wajabta wa ƙasashe mambobi su kare irin wannan bayani, shi yasa kusan duk inda kake zaka samu wata doka akai ko da sunanta daban. A Amurka akwai dokar tarayya ta 2016 da ta ba kamfani damar kai ƙara kotun tarayya, in aka samu da gangan da mugun nufi akayi za'a iya ƙara diyya har ninki biyu akan asarar, a kuma ɗora maka kuɗin lauyoyinsu. Akwai kuma dokar 1996 wadda ita ta laifi ce, ɗaurinta yana kaiwa shekara 10, ko da yake ita an fi amfani da ita akan ma'aikata da kamfanonin hamayya.

Abinda ya kamata ka riƙe shine ba sai kai ne ka sata ba. In ka san, ko kuma duk mai hankali a matsayinka zai gane, cewa wanda ya baka bayanin ya saɓa alƙawarin riƙe sirri ne ko ta haramtacciyar hanya ya samo, sannan ka yaɗa, za'a iya haɗawa da kai. Kuma kusan duk ma'aikacin da ake ba wayar gwaji ya sa hannu a takardar rufe baki, wannan kowa a harkar ya sani.

Sai dai a nan 'yancin faɗar albarkacin baki yana da ƙarfi, musamman a Amurka, kuma gaskiya ne kotuna sun sha tsayawa a bayan masu rubutu. A 1999 kamfanin motoci na Ford ya kai wani mutum mai suna Robert Lane ƙara saboda yana buga takardun cikin gida na kamfanin a intanet, kotun tarayya a Michigan taƙi hana shi buga sirrin, tace toshe bakin mutum tun kafin yayi magana ya saɓa wa tsarin mulki, amma ta hana shi kwafar takardun da Ford ke da haƙƙin mallaka akansu. A 2001 kotun ƙolin Amurka a shari'ar Bartnicki tace wanda ya samu bayani ta halastacciyar hanya, ko da wani ne can ya samo shi ta haram, in dai abun ya shafi al'umma ba za'a hukunta shi don ya yaɗa ba. Ka lura da sharuɗɗan biyu: kai baka sa hannu a haramcin ba, kuma magana ce da ta shafi jama'a. Tarayyar Turai ma a dokarta ta 2016 kan sirrin kasuwanci ta ware 'yancin kafafen labarai da kuma tona asirin ɓarna don amfanin jama'a.

To a nan zan faɗa maka ra'ayina ko da ba zai maka daɗi ba. Da ace abinda ke hannunka takarda ce da ke nuna kamfani ya san batirin wayarsa yana kamawa da wuta ya ɓoye, wallahi da ni da kaina zan ce a buga, kuma zan tsaya maka da ƙarfina. Amma launin waya da girman sikirin da yawan kyamara, abu ne da jama'a ke marmarin sani, ba abu bane da rashin saninsa zai cutar da kowa, bayan wata biyu ko uku ma kamfanin da kansa zai nuna. Alƙalai suna gane wannan bambanci, kuma lauyan kamfani akansa zai fi dannawa.

"Ai ni ɗan jarida ne"

Abokinka ba daga iska ya ɗauko maganar ba. A ƙarshen 2004 wasu shafuka, PowerPage da AppleInsider, sun fallasa wata na'urar sauti da Apple ke haɗawa a ɓoye mai laƙabi Asteroid. Apple ta nemi kotu ta tilasta a bayyana wanda ya kwarmata, har ta aika sammaci ga kamfanin da ke riƙe da imel ɗin ɗaya daga cikinsu. A watan Mayun 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya a shari'ar O'Grady tace masu buga labari a intanet suna da kariyar da 'yan jaridar takarda ke da ita, ba za'a tilasta musu fallasa majiya ba. Babbar nasara ce kuma har yau ana kafa hujja da ita.

Amma ka fahimci me wannan kariya take karewa. Tana hana a matsa maka ka faɗi sunan wanda ya baka labari, shikenan. Bata baka lasisin sayen kayan sata, bata hana a kai ka ƙara akan abinda kai da kanka ka aikata. Sannan dokar jiha ɗaya ce, Amurka har yanzu bata da irin wannan doka a matakin tarayya, wasu ƙasashen kuma sai kana da rajista ko kana aiki da wata kafa da gwamnati ta sani sannan za'a kira ka ɗan jarida, wasu ma babu kariyar sam.

Ga kuma wani darasi daga wannan lokacin. A Janairun 2005 Apple ta maka shafin Think Secret a kotu kai tsaye bayan ya riga su sanar da Mac mini, mai shafin Nicholas Ciarelli ɗalibi ne a Harvard ɗan shekara 19. Zargin da suka fi dogara dashi shine wai yana kiran ma'aikata su kawo masa sirri. Kusan shekara uku ana abu ɗaya, a Disambar 2007 aka sasanta, bai fallasa majiyarsa ko ɗaya ba, amma sharaɗin shine a rufe shafin, kuma aka rufe. Kaga kotu bata taɓa cewa yayi laifi ba amma shafin ya tafi. Wannan shine abinda nake yawan gaya wa mutane, babban kamfani ba lallai sai yayi nasara akanka ba, ya ishe shi ya riƙe ka a kotu har kuɗinka da ƙarfinka su ƙare.

Kuma kar ka ɗauka tsohon zance ne. A Yulin 2025 Apple ta kai Jon Prosser, mai tasha a YouTube, ƙara a kotun tarayya a Kalifoniya kan fallasa fasalin iOS 26, wato sabuwar manhajar iPhone ta lokacin. Abinda kamfanin ke zargi shine wai an shirya da wani ya buɗe wayar gwaji ta wani ma'aikacin Apple lokacin da baya gida, ya nuna wa Prosser ta kiran bidiyo, shi kuma ya naɗa, kuma wai anyi maganar biya. Prosser ya fito ya musanta cewa ya ƙulla wani abu. Ko ma yaya ne, ka duba inda ƙarar ta dosa, duk akan yadda aka samo ne, wa yace a buɗe, wa yayi alƙawarin kuɗi. Kuma shi ba ainihin hotunan ya saka ba, sake zana su akayi, amma hakan bai hana a kai shi ba.

Hoto da bidiyo, da abinda zai fara samunka

A zahiri abinda ya fi saurin faruwa ga mai ƙaramar tasha ba 'yan sanda bane, ƙorafin haƙƙin mallaka ne. In hotunan talla na kamfanin ne suka sulale, ko bidiyonsu, ko takardar bayaninsu, su ke da haƙƙi akai, zasu tura wa YouTube ko wani dandalin takarda ƙarƙashin dokar DMCA ta 1998 a sauke cikin awanni, kuma a YouTube gargaɗi uku na haƙƙin mallaka yana iya rufe tasha gaba ɗaya da duk wahalar da ka sha akanta. Zaka iya cewa ai don labari nayi amfani dashi, hujja ce da doka ta sani, amma tana rauni in abun ba'a taɓa fitar dashi ba. Tun 1985 kotun ƙolin Amurka ta kayar da mujallar The Nation saboda ta ɗauko kalmomi kusan 300 daga littafin tsohon shugaba Gerald Ford kafin a wallafa shi. A 2021 kuma mutum biyu da suka yaɗa hotunan littafin jagora na wasan bidiyo na Pokémon kafin fitowarsa sun amince kowannensu zai biya dala 150,000, ɗaya a wajen buga littafin yake aiki ya ɗauki hoto, ɗayan kuma yaɗawa kawai yayi a dandalin hira na Discord.

Wanda ya fi kowa shan wuya

Akwai mutumin da baka ambata a tambayarka ba, kuma shine ya fi damuna, wato wanda wayar ta fito daga hannunsa. Kayan gwaji ba kamar na kasuwa bane, kowanne da lambarsa, an san wa aka ba, wasu ma akwai alamomin ɓoye a jiki ko a cikin manhajar da kai bazaka gani ba amma su kallo ɗaya zasu gane na waye. Apple a wata takarda da ta raba wa ma'aikatanta tace a 2017 ta kama mutum 29 masu fitar da sirri, 12 daga ciki an tsare su. A 2011 wata kotu a Shenzhen ta ƙasar Sin ta ɗaure mutum uku tsakanin shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi saboda fitar da fasalin iPad 2 daga masana'antar Foxconn, kamfanin da ke haɗa wa Apple kayanta. A 2009 kuma wani matashi ma'aikacin Foxconn ɗan shekara 25 ya kashe kansa bayan wata wayar gwaji ta ɓata a hannunsa an matsa masa da bincike. Duk lokacin da na tuna wannan jikina yana sanyi, rai guda akan waya.

Na taɓa ganin wanda ya saka hoton da aka turo masa, ya rufe lambar siriyal da kyau yana ganin ya gama, ashe a cikin baƙin gilashin sikirin ana hango inuwar igiyar katin aiki a wuyan mai ɗaukar hoton da gefen teburinsa. Kwana huɗu aka sallami mutumin, mai iyali ne. Wanda ya saka hoton ba abinda ya same shi a doka, amma ya zauna a gabana yana share hawaye yana tambaya ko akwai abinda za'a iya yi, kuma babu. Ka kuma sani asiri baya rufuwa yadda ake zato, a kes ɗin Gizmodo wadda suke zama gida ɗaya da matashin da ya tsinci wayar ce ta kira Apple, saboda ya jona wayar a kwamfutarta tana tsoron kar abun ya dawo kanta.

To me zaka yi da wannan tayin

Kar ka biya, kar ka karɓi wayar, ko aro ne ko kyauta, kar kuma ka tura wani ya karɓo maka domin wannan bai canza komai ba. Kar ka ce masa ya ƙaro hoto, ko ya kunna ya nuna maka kaza, ko ya samo maka wata, domin daga lokacin da ka fara ba da umarni ka tashi daga wanda labari ya iske ka koma wanda ya sa akayi. Hirar da kuka riga kuka yi kuma kar ka goge, mutane suna ruɗewa su share komai, alhali goge shaida bayan ka hango shari'a laifi ne mai zaman kansa a wurare da yawa, kuma sau da yawa hirar ce ma zata nuna shi ya neme ka kuma kaƙi. Ban da haka ma ka sa a ranka cewa wani lokacin babu wata waya, hotunan wasu ne aka kwaso, ka tura kuɗi a toshe ka, kuma ba inda zaka kai ƙara kace an cuce ka wajen sayen kayan sata.

Hoto biyun da suka riga suka zo maka ba tare da ka roƙa ba ko ka biya, su matsayinsu ya fi sauƙi amma ba wai babu haɗari ba. In har kana ganin akwai labari a ciki, hanyar da ƙwararru ke bi ita ce su tabbatar ta wata majiya daban, su bayyana abinda suka gani da kalmominsu maimakon saka ainihin hoton, su tuntuɓi kamfanin su bashi damar magana, su tabbatar babu abinda zai nuna wanda ya ɗauka, har da bayanan rana da wuri da ke maƙale a jikin fayil ɗin hoto. In kuma labarin ya riga ya bazu a manyan kafafe, yin sharhi akai da faɗin inda ka gani shine mafi aminci, domin abinda duniya ta riga ta sani ya daina zama sirri. In takardar lauyan kamfani ta iso maka wata rana, kar ka yi kunnen uwar shegu da ita, kar kuma ka amsa cikin fushi ko ka karanta ta a bidiyo don neman masu kallo, kai wa lauya tukunna.

Iyakar abinda amsa daga nesa zata iya maka kenan. Yawancin shari'o'in da na kawo na Amurka ne saboda can aka fi gwabza wannan rigima, dokar da zata yi aiki akanka kuwa ta inda kake zaune ce, wani lokacin da ta inda kamfanin yake, kuma kalma ɗaya a cikin hirarku tana iya juya komai. Don haka kafin ka saka ko da hoto ɗaya, ɗauki wayarka yadda take ka kai wa lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka ko ta kafafen labarai a inda kake, ya karanta hirar daga farko har ƙarshe. Shi kuma bawan Allahn ka rubuta masa layi ɗaya cewa bazaka saya ba kuma ya mayar wa masu ita, ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye.